Yadda Ake Daidaita Ajiyar Bayanan Fayil a Linux

Ka sani, ya mai karatu, duk sa'ad da aka buɗe fayil a kwamfuta mai aiki da Linux, zuciyar tsarin, wadda masana ke kira kanel, ba ta yarda wahalar da ta sha wajen nemo shi a faifai ta tafi a banza. Sai ta adana sunansa da mazauninsa a wani ɗan rubutu da ake ce wa dentry, ta adana girmansa da mai shi da izninsa a wani da ake ce wa inode, domin in an sake nema ta amsa nan take. Wannan ajiya fa'ida ce babba, amma tana cin ƙwaƙwalwa, mas'alar kuwa ita ce sanin lokacin da ya dace a karɓe ta.

Da farko, kada ka yanke hukunci sai ka ga shaida. Buɗe /proc/meminfo ka duba layin SReclaimable, wanda ke nuna abin da kanel za ta iya saki in an matsu. Sa'an nan ka duba /proc/sys/fs/dentry-state, inda lambar farko take jimlar rubutun, ta biyu kuma adadin waɗanda babu mai amfani da su a halin yanzu. Yawansu kaɗai ba illa ba ne, matuƙar ayyuka ba sa tsayawa jiran ƙwaƙwalwa.

Bayan haka, wajibi ne ka fahimci abin da ya sa sakin rubutu dubbai wani lokaci ba ya mayar da kome, domin a nan mafi yawan masu gyara suke ruɗewa. Ana jera waɗannan rubutu ne a shafuka, bisa hanyar da Jeff Bonwick ya bayyana a 1994 yana kamfanin Sun. Da yake dentry a na'ura mai bit 64 yana cin bayit 192, shafi mai bayit 4096 yana ɗaukar 21, kuma ba a iya mayar da shafin muddin ɗaya daga cikinsu yana aiki, kamar zauren da ba a rufewa saboda baƙo guda bai tashi ba. Bugu da ƙari, dentry yana riƙe da inode nasa, dentry na ƙasa yana riƙe da dentry na samansa, korar inode kuma takan tafi da shafukan fayil ɗin da aka ajiye, har a koma karanta su daga faifai.

In ka tabbata akwai matsi, sai ka taɓa mizanin da ake kira vm.vfs_cache_pressure, wanda asalinsa 100 ne. Rage shi zuwa 50, misali, yana sa kanel ta daɗe tana riƙon bayanan, abin da ya dace da na'ura mai hidimar ƙananan fayiloli masu yawa. Ɗaga shi sama da 100 yana sa ta gaggauta saki, sai dai wuce gona da iri yana cinye lokacin na'ura wajen bincike. Sifiri kuwa, a ganina, haramun ne, domin kanel ba za ta saki kome daga cikin waɗannan bayanan ba har ƙwaƙwalwa ta ƙare ta shiga kashe ayyuka.

Akwai kuma /proc/sys/vm/drop_caches, wanda ya shigo da Linux 2.6.16 a 2006: ka ba da umarnin sync tukuna, sa'an nan ka rubuta 2 a ciki, a zubar da duk dentry da inode da ke zubuwa. Don gwaji aka yi shi, wanda ya mayar da shi al'adar kowane dare yana cutar da na'urarsa ne da hannunsa.

Ka canja abu ɗaya, ka lura da na'urar a lokacin da aiki ya fi yawa, in maslaha ta bayyana ka rubuta lambar a /etc/sysctl.d domin ta dawwama. In ba ta bayyana ba, mayar da ita 100.