Zaɓen Zarto Mai Inji Domin Itacen Girki

Yanzu kaka ta yi, an cire auduga, an kai masara da dawa rumbu, kuɗi ya shiga hannun manoman ƙasar Funtua da Malumfashi. A irin wannan lokaci ne mutane da yawa a Bakori da Danja da Ƙafur kan yi shawarar sayen zarto mai inji, watau injin yankan itace, domin su sami sana'ar rani. Kasuwar itace kuwa ba ta faɗuwa, gama gidajen burodi da makarantun kwana da masu tuwon sayarwa duk da shi suke aiki. Amma inji ba gatari ba ne. Wanda ya zaɓa da gaggawa yakan zuba kuɗin nomansa na shekara guda cikin abin da ba zai kai damina ba.

Asalin Injin

Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a 1926, sa'an nan mai shan fetur a 1929. Na farkon nan nauyi gare su ƙwarai, sai mutum biyu ke riƙe su. A 1947 wani mai saran itace a Amurka, Joseph Cox, ya fito da irin haƙoran sarƙar da ake aiki da su har yau, bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke huda kututture. A 1959 kamfanin Stihl ya fitar da injin Contra wanda mutum ɗaya ke ɗauka, a shekarar kuma kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga wannan sana'a. Sunayen nan biyu har yanzu su ne a gaba.

A Fara Duba Aikin

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen inji don girmansa. Mutum ya ga masu tsaga katako da Stihl 070, sai ya ce shi ma irinsa yake so. Wannan inji kuwa ƙarfinsa si-si 106 ne, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. An yi shi domin manyan itatuwan kurmi. Mai yanka rassan darbejiya da turare ba ya bukatarsa, sai dai ya shanye masa fetur, ya kuma gajiyar da shi kafin azahar. Gajiyayyen hannu kuwa shi ke jawo haɗari.

Ga yadda aka kasa su. Ƙarami, wajen si-si 30 zuwa 40, na sassabe ne da itacen gida. Matsakaici, si-si 45 zuwa 60, shi ya dace da manomin da zai riƙa yanka yana sayarwa. Babba, si-si 65 zuwa sama, na wanda ba shi da wata sana'a ne sai wannan, mai karo da itace mai tauri kamar ƙirya da marke kowace rana. Shi kuma dogon ƙarfen nan mai kama da takobi, wanda sarƙa ke zagayawa, inci 16 zuwa 18 ya isa matsakaicin inji. Da shi ana iya datse gungumen da kaurinsa ya kusa ninka tsawonsa, in an yanka ta wannan gefe aka koma ta wancan. Akwai masu aiki da batir da masu lantarki, ƙararsu ba ta kai ta mai shan fetur ba, amma ba su da amfani ga mai aiki a gonar da ke nesa da wuta.

Kayan Gyara Kafin Suna

Injin da za a dogara gare shi shi ne wanda in ya tsaya ranar Talata zai koma aiki ranar Laraba. Saboda haka kafin mutum ya je wurin mai sayarwa, sai ya fara zuwa wurin makaniken da ke kusa da shi, ya tambaye shi irin injin da ya saba gyarawa. Ya tambaya kuma ko ana samun sarƙarsa da fulogi da fistan da igiyar tayarwa a Funtua ko Malumfashi, ko kuwa sai an aika Zariya ko Kano. Inji kome sunansa, in ba a samun sarƙarsa sai an yi mako biyu ana jira, to, ya zama kayan ado.

Sai kuma a yi hankali da jabu. Akwai injuna masu yawa da aka shafa musu launin Stihl, aka manna sunan, alhali kuwa ba su taɓa shiga masana'antarsa ba. Alamarsu ta fari ita ce araha wadda ta wuce hankali. Na gaske yana da lambarsa a jikinsa, da littafin bayani, mai sayarwa kuma ba ya jin tsoron rubuta lambar a rasit. Injin ƙasar Sin da aka sayar da sunansa na kansa ba laifi ba ne ga mai ɗan aiki, muddin ya san abin da ya saya. Amma ga mai neman abinci da shi, sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Gwaji Kafin Biya

Ko sabo ne ko na hannu, kada a biya sai an tayar. Na farko, a ɗaga injin da igiyar tayarwa kaɗai. In ya zame ƙasa nan da nan, fistan ya ci, ƙarfinsa ya tafi. Na biyu, in na hannu ne, a sa makanike ya kwance salansa ya leƙa fistan. In akwai zane-zane a jikinsa, mai yiwuwa an taɓa ba shi fetur ba mai. Na uku, a bar shi yana ƙugi ba a matsa wuta ba. Lalle sarƙa ta tsaya cik. Na huɗu, a kai bakin takobin kusa da farar takarda a matsa wuta. Ya kamata a ga layin mai ya fantsama, alamar famfon mai na aiki. Na biyar, wanda ya fi duka, a gwada birkin sarƙa, watau marikin nan da ke gaban hannun hagu. In aka tura shi gaba, sarƙa ta tsaya nan take. Sarƙa tana gudun wajen mita 20 a daƙiƙa guda, in kuwa saman bakin takobi ya taɓa itace, inji yakan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi. Injin da ba shi da birki, ko kyauta aka ba mutum ya yi tsada.

Abin Da Ke Kashe Inji

Ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar mota. Ana gauraya masa mai da fetur ne, kamar ƙaramin janareto. Da man da kamfanin ya tanada, awon shi ne kashi 1 cikin 50, watau mililita 100 a lita 5 ta fetur. A auna, kada a yi da ka. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 wasu kan rage mai don tsimi, sai su tsimi na kwalba guda su sayi fistan. Gaurayen da ya wuce wata ɗaya a jarka kuma kada a yi aiki da shi. Sarƙa tana da tankinta dabam, a cika shi duk sa'ad da aka zuba fetur, ban da baƙin man da aka juye daga mota.

Ƙurar hunturu tana toshe matacin iska, don haka a share shi kowace yamma. Busasshen itacen da gara ta lulluɓe da ƙasa a kankare shi tukuna, gama ƙasa tana dakushe haƙora cikin ɗan lokaci. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarzajjen itace, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar na tuwo. In an ga haka a tsaya a wasa ta da zagayayyen magagari daidai awonta. Mai aiki ya sa takalmi mai kauri da tabarau, ya toshe kunnuwansa, kada ya yanka abin da ya wuce kafaɗarsa, kada kuma ya fita shi kaɗai.

Wane Itace Za A Yanka?

Abin da gatari kan yi wuni yana sara, inji yakan kayar da shi kafin a gama shan fura. Kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Ɗorawa tana ba mata kalwar daddawa, gawo yana zubar da ganye da damina ya taki gona, tsamiya da kanya kuma kowa ya san amfaninsu. Waɗannan ba itacen girki ba ne sai in sun mutu da kansu. A nufi darbejiya da turare, waɗanda in an datse su sukan sake tofo, da rassan da ke yi wa shuka inuwa. Manoman ƙasar Maraɗi, tun wajen 1983, suka kama rainon tohon kututture a gonakinsu, abin da suke kira sassabin zamani, yau ga shi suna samun itace ba tare da gona ta zama fili ba. Kafin a kayar da kowane itace a nemi yardar mai gona, a sanar da mai unguwa, a karɓi izni wurin malamin daji na ƙaramar hukuma.

Wanda itacen da zai yanka a shekara bai wuce amalanke biyar ko shida ba, gara ya ɗauki hayar mai inji na kwana biyu, ko su haɗa kuɗi su huɗu su sayi guda, su damƙa shi hannun mutum ɗaya wanda ya koyi aikin. Sauran kuɗin a ajiye shi domin taki, gama damina ba ta jiran kowa.