Yadda Ake Zaɓen Lokacin Tafiya Kallon Namun Daji

Wanda ya tara kuɗi zai je Serengeti ko Masai Mara yakan fara da tambayar wane wata ya fi. Ya yi gaggawa. Afirka ba damina ɗaya gare ta ba, namun daji kuwa ruwa suke bi. Idan ruwa ya yi ƙaranci sai su taru a 'yan wuraren da ya rage, idan ya yalwata sai su bazu cikin daji, mutum ya yini a mota yana kallon ciyawa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda Fulani ke gangarawa da shanu bakin kogi idan rani ya tsananta ya riga ya san rabin lissafin.

Da farko ka tsai da abin da zai kai ka, guda ɗaya. Mai son ganin garken giwaye a bakin ruwa, da mai son ya ga zaki ya kayar da nama, da mai bin tsuntsaye, da mai son goggon biri, ba lokaci ɗaya za su tashi ba, ba ma ƙasa ɗaya za su nufa ba. Wanda ya ce duka yake so, kamfanin yawon buɗe ido ne zai zaɓa masa, kuma abin da ya fi wa kamfanin riba zai zaɓa.

Ka tsai da wuri, sai ka bincika ruwan samansa, ka ajiye na gida a gefe. Mu mun saba da damina daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba. A Botswana, Zambiya, Zimbabuwe, Namibiya da gandun Kruger na Afirka ta Kudu abin a juye yake: ruwa daga Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, rani daga Mayu zuwa Oktoba. Kenya da arewacin Tanzaniya kuma damina biyu suke yi, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama a Nuwamba da Disamba. Saboda haka hutun makaranta na Agusta, da muke cikin marka, shi ne tsakiyar raninsu.

Ranin ma ba ɗaya ba ne, sai an tsaga shi. A kudancin Afirka Yuni da Yuli watannin sanyi ne na gaske. Fita ta farko da asuba ake yi, a mota mara gilashi, iska na yankan fuska, har masauki kan raba bargo da gorar ruwan zafi. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri da hula, kada sunan Afirka ya ruɗe ka. A lokacin akwai sauran ruwa a ƙananan tafkuna, dabbobi ba su gama haɗuwa ba. Satumba da Oktoba ne gani ke kai maƙura. Ciyawa ta kwanta, ganye ya kaɗe, tafkuna sun ƙafe. A kogin Chobe na Botswana da la'asar giwaye kan fito daga daji gida-gida, uwa a gaba, 'ya'ya a tsakiya, su afka ruwa su ƙetara zuwa tsibiri, ƙananan ba abin da ake gani nasu sai bakin hanci a sama. A Okaukuejo, cikin gandun Etosha na Namibiya, akwai tafkin da ake haska wa fitila da dare, mutum na zaune a benci karkanda zai zo shan ruwa. Farashin wannan gani shi ne zafi: a kwarin Luangwa na Zambiya da na Zambezi Oktoba kan haura digiri 40, ga ƙura. Mutumin Sakkwato ba zai damu ba. Mai tafiya da tsoho ko ƙaramin yaro gara ya tsaya a Agusta.

Mai son babbar ƙaura ta Serengeti nasa lissafin daban ne, don a nan ba tambayar yaushe kawai ake yi ba, sai an haɗa da ina. Dabbar da ke wannan ƙaura, wadda Suwahili ke kira nyumbu, dangin kanki ce mai gemu da ƙaho irin na saniya. Sun haura miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da bareyi dubbai, kuma shekara duka suna kan hanya. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris suna filayen kudu, wajen Ndutu, inda suke haihuwa kusan a tare cikin 'yan makonni. Ɗan maraƙin kan miƙe cikin mintoci ya bi uwa, don kuraye da zakuna na kewaye. Wajen Yuni suna yamma, bakin kogin Grumeti. Daga ƙarshen Yuli zuwa Oktoba suna arewa, suna ƙetara kogin Mara gaba da baya tsakanin Tanzaniya da Kenya, inda kadoji ke jiransu.

Ƙetarawar nan ita ce hoton da ke jan kowa, kuma ita ce ta fi ba da kunya. Garke kan taru a gaɓa tun hantsi, su matso, su ja da baya, wata ta sa ƙafa a ruwa ta fasa, can sai duk su juya su koma kiwo. Wata rana kuma ɗaya ta faɗa, sauran su bi ta kamar an ɓalle madatsa. Ba direban da zai iya yi maka alkawarin rana. Abin yi shi ne ka sauka a sansanin da ke kusa da kogin, ka ba wurin kwanaki, kada ka yi masa shigar yini ɗaya. Ni a ganina Fabrairu a Ndutu ya fi Agusta a Mara daɗi, don motoci sun fi ƙaranci, farauta kuwa ba ta yankewa.

Akwai wuraren da ke karya dokar. Ruwan Okabango a Botswana daga tsaunukan Angola yake tasowa, ya yi watanni a hanya, ba ya cika fadamar sai tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da sama ta bushe. Mai son yawon kwalekwale a tsakiyar rani zai je. Magangarar Biktoriya, da ke kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, ta fi ruwa wajen Afrilu da Mayu, har feshin kan rufe ta, a Oktoba da Nuwamba kuma ɓangaren Zambiya kan koma kusan dutse zalla. Goggon biri a Bwindi ta Yuganda da tsaunukan Ruwanda ana ganinsa ko yaushe, sai dai hawan ya fi sauƙi daga Yuni zuwa Satumba da Disamba zuwa Fabrairu. Mutum takwas kawai ake bari su je wa garke ɗaya a rana, na awa ɗaya, kuma takardar izini a Ruwanda dala 1,500 ce.

Kada a raina damina. Masaukai kan rage kuɗi, daji ya yi shar, dabbobi na da jarirai, tsuntsayen Turai sun sauko tsakanin Nuwamba da Afrilu. Amma sauro ya yawaita, mota kan kafe a laka, a Luangwa ma sansanoni da yawa rufewa suke yi sai ruwa ya ɗauke. Ga mai zuwan fari rani ya fi.

Wanda bai shirya ƙetare nahiya ba, kalandar gida ta ishe shi. A Yankari ta Bauchi, daga Fabrairu zuwa Afrilu ɓauna da gwanki da gwambaza kan tattaru a kogin Gaji, kuma giwa ta fi ganuwa. Disamba da Janairu sun fi sanyi, sai dai hazo na ɓata hoto. Ruwan Wikki da ke cikin gandun kuwa ɗumi ɗaya yake yi shekara duka, wajen digiri 31. Mole ta Ghana ma daga Disamba zuwa Afrilu ake zuwa. Zakuma ta Chadi ruwa kan malale ta da damina, ana rufe masaukanta, Maris da Afrilu ne gauraki da jan-baki ke rufe tafkunanta. Gandun W na Nijar da maƙwabtansa kuwa a yanzu tsaro ake fara tambaya kafin yanayi.

Daga nan sai aljihu. Tun 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga baƙo daga waje dala 100 ne a rana daga Janairu zuwa Yuni, ya ninka zuwa 200 daga Yuli zuwa Disamba, masaukai ma kan tashi a tsakiyar kakar. Mai son Agusta ko Satumba ya kama ɗaki tun da watanni masu yawa, ƙananan sansanoni har shekara guda kafin lokaci. Mai son sauƙi ya nemi gefen kakar, Yuni ko farkon Nuwamba. Ka duba inda azumi zai faɗo, don 'yan shekarun nan yana cin Fabrairu da Maris, daidai da haihuwar Ndutu.

Idan saura makonni ka tashi, ka rubuta wa masaukin ka tambaye su ko ruwa ya sauka da wuri, da inda garken yake a makon. Damina kan yi jinkiri ko ta riga lokaci, kuma wani kamfanin yakan yarda ya sauya maka sansani idan ka nema da wuri. A makonnin nan ne kuma za ka ga likita don maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ka duba katin rigakafin shawara, wanda ake iya tambayar mai tasowa daga Najeriya a filin jirgi.