Dokokin Jiragen Ruwa na Ingila da Cinikin Ƙasashen Mallaka

A ƙarni na 17, masu mulkin Turai sun ɗauka cewa arzikin ƙasa shi ne yawan zinariya da azurfar da ke baitulmalinta. Saboda haka kowace ƙasa ta himmatu ta sayar da yawa, ta saya kaɗan. Aikin ƙasar mallaka a wannan tsari shi ne ta noma ɗanyen kaya, sa'an nan ta sayi ƙerarru daga hannun mai mulkinta.

Ingila ta mayar da wannan ra'ayi doka a shekarar 1651, inda ta hana jiragen ruwan baƙi shigo mata da kayan Asiya da Afirka da Amurka. Fataken Holan, waɗanda suka mamaye dakon kaya a teku, su aka nufa, kuma a 1652 yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu. Dokar 1660 ta ƙara tsanani: ta lissafa sukari da taba da auduga da baba da citta, ta ce ba za a kai su ko'ina ba sai Ingila ko ƙasashen da take mallaka, ko da wani ya taya da tsada. Daga baya aka taƙaita masana'antu ma. A 1732 an hana mazauna Amurka fitar da hulunan da suka ɗinka zuwa waje.

Sai dai doka ba ta cika rinjayar farashi ba. A 1733 aka ɗora harajin sisi a kan kowane galan na dafaffen ruwan rake da aka sayo daga tsibiran Faransa, wanda ya fi araha. Fataken Boston ba su daina saye ba. Fasa-ƙwauri suka koma, suna toshe bakin ma'aikatan kwastan. A 1764 gwamnati ta rage harajin zuwa taro, amma ta tsananta karɓa, kuma abin mamaki, ragin ya fi tada ƙura, domin wannan karon biya ake yi da gaske.

A 1776 Amurkawa suka shelanta 'yancin kansu. A shekarar ce kuma masanin tattalin arziki Adam Smith ya soki tsarin, yana ganin 'yan kasuwa ƙalilan ne ke cin riba, mai saye yana biya. Ba a soke dokokin ba sai 1849.