Koya wa Ɗalibai Yadda Ake Ba Kwamfuta Umurni

Tun shekarar 1988 Gwamnatin Tarayya ta tsara manufar koyar da ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, aka soma da makarantun sakandare na Tarayya. A 2015 kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan wannan na'ura. Saboda haka duk yaron da ya ƙare sakandare a Isolo ko Agege bai san ta ba, lalle an bar shi a baya.

Amma a sani, na'urar ba ta da hankalin kanta. Abin da aka umurce ta shi take aikatawa, daki-daki. Wannan jerin umurni shi ake kira algoridim, daga sunan Alkhawarizmi, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9.

Darasin Farko

Wannan darasi ba ya bukatar lantarki. Malami ya ɗauko misali daga fataucin goro, wanda ya daɗe da kawo Hausawa Agege. Ga yadda za a umurci na'ura ta ƙirga ƙwarya guda, watau goro 100:

1. Rubuta sifiri a allo.
2. Ɗauko goro ɗaya daga huhu.
3. In mai sankara ne, ajiye shi gefe, koma mataki na 2.
4. In lafiyayye ne, sa shi a kwando, ƙara ɗaya bisa lissafin allo.
5. In lissafi bai kai 100 ba, koma mataki na 2. In ya kai, tsaya.

Ginshiƙai uku na sana'ar duka suna nan: bin jeri, da gindaya sharaɗi, da maimaitawa.

Sai a tsayar da ɗalibi guda ya zama na'urar, kada ya yi komai sai abin da aka rubuta. Kana malami ya tambaya: in huhun ya ƙare kafin a kai 100 fa? Umurnin bai faɗa ba. Gano irin wannan giɓi da toshe shi, shi ne rabin aikin.

Mataki na Gaba

Bayan ɗalibai sun ƙware a takarda, sai a kai su ga Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007, daga nan kuma Python.

Ana roƙon iyaye su ba 'ya'yansu, maza da mata, damar halartar waɗannan darussa. Da sanyin safiya ake kama fara.