Ciwon babban yatsa: yadda dakarun jini ke hura kumburi

Manoman Karakara da na sauran garuruwan Dallol Mawri, ga darasinmu na wannan fitowa.

Akwai ciwon da ke kama magidanci da tsakar dare. Gindin babban yatsan ƙafa ya kumbura, ya yi zafi, ko mayafi ba ya son ya taɓa wurin. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce jifa. Likitoci suna kiransa gut. In ya zo da damina, mutum zai yi mako guda ko biyu bai riƙe hauya ba, ciyawa kuwa ba ta jiran mai gona.

Tushensa wani datti ne na jini, asid yurik, wanda ƙoda ke fitarwa ta fitsari. Idan ya yi yawa, sai ya daskare cikin gaɓa kamar ƴan allurai.

Zafin kuwa dakarun jikinmu ne ke hura shi, wato fararen ƙwayoyin jini. Masu gadi, da ake kira makurofaj, su haɗiye alluran, su ɗauka abokin gaba ne, sai su yi kururuwa. A 2006 masana a birnin Lozan na ƙasar Suwis suka gano yadda kururuwar ke tashi. Daga nan wasu dakarun, nutrofil, su kwararo su cika gaɓar.

Akwai kuma rundunar NK, makasa tun daga halitta, da aka gano a 1975 a Suwidin da Amurka. Aikinsu hallaka ƙwayoyin jikin da cuta ko daji ya ɓata, ba sai an koya musu ba. Suna kuma fitar da wani sinadari mai zuga makurofaj. Shi ya sa masu binciken gut suka sa musu ido: mai zuga gadi yana iya ƙara wa wuta itace.

Saboda haka tsaga ko sakiya ba ta fitar da alluran. A je likita. Kolshisin yana hana nutrofil kwararowa, alopurinol kuma yana rage dattin, amma sai an daɗe ana shan sa. A guji ƙwayoyin ƴan tebur, don wasunsu suna lalata ƙoda. A rage hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, da giya, da lemon kwalba. A tafi gona da ruwa isasshe.

In kumburin ya zo da zazzaɓi, a kai mutum asibitin Gaya ko likita mafi kusa ran nan, domin mai yiwuwa mugunya ce ta taru a gaɓar.