Tsatsar alkama: a shiga gona da farin ƙyalle

Manomin alkama da ke duba gonarsa daga kan kunya, hannu a baya, shi ne tsatsa ke yi wa sammako. Daga nesa komai kore shar, alhali cutar ta riga ta kama ganyen ƙasa.

Tsatsa naman gwari ce, kuma iska ce dokinta. Garin da take fitarwa ya fi ƙura laushi, yana iya tafiyar ɗaruruwan kilomita. Nau'in da ake kira Ug99, wanda aka gano a Yuganda a 1998, ya shiga Kenya da Habasha, ya kai Sudan da Yaman a 2006, a 2007 kuma aka gan shi a Iran. Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa: tsatsar masara da ta ɓulla a Saliyo a 1949 ta bazu a Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru. Ba shingen da zai tare ta, don haka sa ido ne aikinmu.

Tun daga lokacin da alkama ta fara 'ya'ya, ka ware rana guda kowane mako, da safe. Kada ka tsaya a baki. Ratsa gonar a karkace, ka tsuguna a wurare kamar goma, ka juya ganyen ƙasa, ka duba kara. Inda ruwa ke kwanciya da inda ka zuba yuriya da yawa, nan ka fi daɗewa, domin shuka mai duhu da laima ita cutar ta fi so. Sai ka goga farin ƙyalle a kan duk tabon da ka gani. Idan gari ya fito kamar na tsohon kwano, tsatsa ce. Idan ganyen ya yi rawaya amma ƙyallen ya fito fes, nemi dalilin a wajen taki ko ruwa, kada ka ɓarnatar da kuɗin feshi.

Kalar ma tana magana. Rawaya a jere kamar layi, wannan mai son sanyi ce. Ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a warwatse, ta ganye ce. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ja mai duhu da ke fasa fatar kara, don tana zuwa da ɗumi, ta kwantar da alkama, ƙwaya ta motse. Wanda ya makara bai shuka ba har Disamba ta yi nisa, shi ya fi shiga hatsarinta.

Bushewar hunturu tana taimakonmu a Kadawa da kwarin Haɗeja, amma raɓar asuba ta 'yan awanni ta ishi cutar ta kama, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma sabon gari ya fito. Saboda haka ranar da ka gani, ranar za ka ɗauki hoto ka kai wa malamin gona, ka kuma faɗa wa maƙwabta. Ɓoyewa cutar da kai ne. Idan malamin ya ba da shawarar feshi da magani irin su propiconazole, a yi kafin ta hau ganyen ƙarshe da ke ƙarƙashin zangarniya, wanda shi ke cika ƙwaya.

Bayan girbi a tuge gyauro, nan take fakewa. Iri kuwa, a tambayi wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar, a kuma tambayi ko har yanzu yana jure tsatsa, domin sabon nau'i kan karya irin da jiya ya gagare ta, kamar yadda ya faru da irin alkamar Digalu a Habasha a 2013.