Yadda Za Ka Riƙe Kanka Bayan Hidimar Ƙasa Kafin Aiki Ya Samu

Watan farko bayan kammala hidimar ƙasa ba shi da wuya, ana ta yi maka barka da dawowa. A wata na uku ake jin jiki, lokacin da alawus ɗin naira dubu 77 ya zama tarihi, dangi kuma suka fara tambayar "har yanzu ba a dace ba?" Abin da ya fi karya matashi a wannan tsakani shi ne wayewar gari ba tare da abin da zai tashi dominsa ba. Maganin kuwa tsari ne.

Fara da aljihu. Rubuta abin da ya rage maka, ka ware kuɗin data, na buga takardu da na mota zuwa intabiyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, zuwa Abuja ko Legas jarrabawar ɗaukar aiki ba ƙaramin abu ba ne. Wannan kason kada ka taɓa shi ko don ankon biki.

Na biyu, yanka wa neman aiki lokaci, kamar awa biyu da safe. Sayi littafi ka riƙa rubuta sunan wurin da ka nema, ranar da ka tura takarda, da ranar da za ka sake tuntuɓa. Abin da za ka riƙa ƙirgawa shi ne wuraren da ka nema, tunda amsa ba a hannunka take ba. Takardar CV kada ta wuce shafi biyu, kuma a gyara ta daidai da kowane wuri. Maimakon "na yi hidimar ƙasa a makarantar sakandare", rubuta darasin da ka koyar, ajin da ka riƙe da yawan ɗalibanka. Ajiye hoton takardar digiri, ta NYSC, lambar NIN da shaidar ƙaramar hukuma a wayarka, domin shafukan ɗaukar aikin gwamnati ba sa jiran kowa. Lokaci na cika, rufe littafin.

Na uku, kuma a nan gizo ke saƙar: sa hannunka a wani aiki, komai ƙanƙantarsa. Makarantun kuɗi da yawa ba sa biyan ko mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, amma suna fitar da kai daga ɗaki, kuma ta nan iyayen yara ke neman mai lesin. In kana Kano, leƙa Kantin Kwari, Singa ko Farm Centre. Akwai 'yan kasuwa masu juya miliyoyi da har yau lissafinsu a ka yake ko a tsohon littafi. Wanda ya iya Excel yana da abin sayarwa a wurinsu. Faɗi sharaɗinka tun farko: "Alhaji, zan riƙa zuwa kullum, amma in an kira ni intabiyu zan nemi izini." Mace ma tana iya fara turaren wuta, ɗinki ko girki daga gida, WhatsApp ya zama shagonta. Masu cewa "ni da kwalina zan tsaya a shago?" su ne dai za ka gani bayan shekara biyu suna neman rancen kuɗin kati a wurin yaron shagon. Da zaman banza gara aikin kishiya.

A gefe guda ka koyi sana'a ɗaya, ɗaya tak, har ka iya ta. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana koyar da fasahar kwamfuta, hukumomin NDE da ITF kuma suna horar da sana'o'in hannu. In koyarwa ta kwanta maka, yi difloma ta koyarwa, wato PGDE, ka yi rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Na huɗu, gyara yadda kake roƙo. "Kawu, a taimaka min da aiki" ba ta ba kawu abin kamawa. Ka ce: "Kawu, akanta na karanta. In ka ji wani kamfani a Bompai ko Sharaɗa na neman mai riƙe lissafi, ko na gwaji ne, a tuna da ni." Malamin da ya duba aikinka na ƙarshe a jami'a ma ka riƙa gaishe shi, yakan ji labari kafin a buga.

Na biyar, kiyayi masu sayar da aiki. Har Majalisar Wakilai ta binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya a 2023, kuma 'yan damfara da wannan suke fakewa. Kada a sayar da filin mahaifiya don takardar kama aiki, kada ka ba kowa lambar sirrin katinka na banki.

Sai zuciya. Majalisar abokai da hirarta kullum "sai ka san wani" ce, rage zama a cikinta; haka ma kallon hotunan abokai a Facebook da tsakar dare. Riƙe asuba a jam'i, buga ƙwallo da yamma, ka nesanci mai miƙa maka ƙwaya wai don ka manta. In barci da cin abinci suka gagara makonni, ko ka fara jin rayuwa ta isheka, faɗa wa wani babba a gida ku je asibiti. Akwai likitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato.

Bayan wata uku buɗe littafinka ka duba. In ba wanda ya kira ka, gyara CV ko ka sauya irin wuraren da kake nema. In ana kira amma kana faɗuwa a intabiyu, samu wanda ke aiki a fannin ya zaunar da kai ya yi maka tambayoyi, ka ɗauki muryarka a waya, ka saurari inda kake inda-inda.